Kalangu Ba Ɗan Rakiya Ba Ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan boko, har wasu sun ɗauke ta tamkar hukuncin da aka riga aka yanke: wai Bahaushe ba shi da kiɗa, waƙa kawai gare shi. Masu wannan ra'ayi cewa suke yi in ka zare baitukan Shata ka ajiye gefe, abin da zai rage bugu ne guda ɗaya da ake ta nanatawa tun daga farko har ƙarshe, ba hawa ba sauka. A wurinsu kalangu ɗan rakiya ne, aikinsa ya riƙe wa mawaƙi ƙafa kada ya yi tuntuɓe. Daga nan sai su ɗora da cewa ashe ke nan ba a yi asarar komai ba da fiyano da kwamfuta suka karɓe wannan aiki, tunda in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Samarin da ke ɗauko DJ da janareta zuwa gidan biki a ƙauyukanmu na Ɗankaza da Darki da Utai ba su karanta wannan magana a littafi ba, amma da ita suke aiki. Su a bakinsu sunan abin ƙauyanci.

Ni ban yarda ba. Duk wanda ya faɗi haka, a rediyo ko a kaset ya san kalangu, bai taɓa tsayawa kusa da makaɗi ya dubi abin da hammatarsa ke yi ba.

Tarihin ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya tashi a ƙasar nan. Kowane rukuni da kiɗansa: maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, maharba da garaya, fada da tambari da kakaki da taushi da kotso. Kalangu kuwa na mahauta ne. Wanda ya san kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, da irin shanun da ake shigowa da su kara daga nesa da kusa, ya san ƙasarmu ba baƙuwar fawa ba ce, kuma inda fawa ta yi ƙarfi kalangu ba ya nisa. A da shi ne ke sanar da gari an yi yanka, makaɗi ya kama taken Sarkin Pawa, a sallame shi da tsoka. Shi ne ke tsuma mai hawan ƙaho a jajibirin salla. Da yake dambe ma wasan mahauta ne tun asali, sai kalangu ya bi su fage. Daga nan ya shiga dandali, ya zama kiɗan 'yan mata da samari, ya zama ƙashin bayan kalankuwa in an kawar da amfanin gona. A dandalin ne Mamman Shata ya fara, a Musawa, da waƙoƙin asauwara, kuma da wannan kiɗa na talakawa ya shiga gaban sarakuna da gwamnoni bai musanya shi da kotso ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999, daidai lokacin da waƙoƙin finafinan Kano da ake haɗawa da fiyano suka fara mamaye kunnen matasa.

To, mene ne makaɗin kalangu yake yi da masu suka ba sa ji?

Dubi yadda aka gina abin. Kango ne na ice mai baki biyu da siririn ƙugu, an rufe kowane baki da fata, an ja tsirkiya daga wannan baki zuwa wancan ta kewaye kangon gaba ɗaya. Saboda ƙugun ya shige ciki, tsirkiyar ba ta kwanta a jikin ice ba, akwai fili tsakaninsu. Duk hikimar tana cikin wannan fili. Makaɗi ya rataya kalangu ya saƙale shi a hammata. In ya matse, tsirkiya ta lotsa ciki ta ja fatun biyu su ɗaure, murya ta hau. In ya saki, fata ta sassauta, murya ta sauka. Hannun dama mai riƙe da makaɗi shi kowa ke kallo, don shi ke tashi yana sauka, amma lokaci kawai yake bayarwa. Maganar tana hannun hagu da damtse, waɗanda da ƙyar za ka ga motsinsu in ba ka matso ba.

Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa ko dai ta hau, ko ta sauka, ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa, kuma ko dai mai nauyi ce ko marar nauyi. Yaron da bai shiga aji ba ya san bambancin kukan da jariri ke yi da kukar da ake miya da ita, alhali baƙaƙe da wasulan duk ɗaya ne. Wannan hawa da sauka shi kalangu ke ɗauka. In makaɗi zai kira Audu, sai ya matse ya buga, ya saki ya buga: sama, ƙasa. In Kande zai kira sai ya juya: ya buga a sake, sannan ya matse. Wannan shi ne baƙi da wasalin sana'ar, yaron makaɗi na iya ƙwarewa a kai cikin ɗan lokaci.

Inda gwaninta take shi ne gaɓar da ke faɗowa, irin ta «yau» ko «rai». A nan bugu ɗaya ne, amma murya biyu ake so. Dole makaɗi ya buga yana matse, sa'an nan ya saki damtse tun amon bai mutu ba, don sautin ya zamo daga sama ya gangaro. Amon fata kuwa ba ya jira, ɗan ƙiftawar ido ne ya ɓace. In ya yi saurin saki, gaɓar ta fito ƙasa tun farko, kalmar ta lalace. In ya yi jinkiri, amon ya riga ya tafi, ba wanda ya ji faɗowar. A cikin wannan ɗan taƙi ake gane wanda ya gaji kiɗa da wanda ya tsince shi da rana tsaka. Ni a ganina babu wata fasaha a kiɗan Hausa da ta kai wannan zamiya daɗi, kuma ita ce ke sa ka ji kamar icen yana da maƙogwaro. Gwani ma ba ya tsayawa nan. Yakan buga a sake ya matse daga baya, sautin ya taso sama, abin da ba ya cikin karin kalma ɗaya amma yana cikin yadda muke tambaya ko mamaki. Da wannan ne kalangu ke yi wa mutum «ashe?» a tsakiyar fage, jama'a su kwashe da shewa, baƙo ya rasa me aka ce.

Sai nauyin gaɓa. Kalangu ba shi da yadda zai ja sauti kamar algaita ko goge, don haka da tazara yake biyan bashin. Gaɓa mai nauyi a ba ta fili, marar nauyi a haɗe ta da ta gabanta cikin sauri. Gari na zama da garin tuwo karinsu ɗaya, tsawon gaɓar farko ne ya raba su, kuma makaɗi na raba su da jinkirin da bai kai numfashi ba. Haka kuma maganar Bahaushe gangarowa take yi: gaɓar sama ta ƙarshen jimla ba ta kai ta farkonta tsawo. Makaɗin kirki yana bin wannan gangara, yana rage matsi a hankali har ya kai ƙarshen take. Wanda bai ƙware ba sai ya riƙa mayar da kowace gaɓar sama wuri ɗaya, kiɗan ya fito daidai a lissafi amma ba ya kama da maganar mutum. Tsofaffi sukan ce irin wannan makaɗi bugu yake yi, ba kiɗa ba.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni. Kalangu yana ɗaukar kari da nauyi, amma ba ya furta baƙi ko wasali. Audu da Bello da Garba duk bugu ɗaya ne a bakinsa: sama, ƙasa. Mai suka zai ce to ai ga gazawar nan. A'a, nan ne ƙarfinsa yake. Tunda kalangu rabin magana yake bayarwa, dole mai sauraro ya kawo ɗaya rabin daga cikinsa. Take ba suna kaɗai ba ne, jimla ce da aka ɗinka wa mutum, da sunan ubansa ko sana'arsa ko wata bajinta da ya taɓa yi, kuma sai wanda ya riga ya san ta zai ji ta. Shi ya sa ɗan dambe yana zaune a gefe cikin mutane, ba wanda ya ambaci sunansa da baki, sai ka ga jikinsa ya ɗauki tsuma ya miƙe yana kirari. An kira shi, kuma duk fagen ya san an kira shi. Kafin mawaƙi Ɗan Anace ya buɗe baki ya wasa ɗan dambe Shago, kalangu ya riga ya faɗa wa jama'a wanda ake nufi. Waƙar tana zuwa ne ta tarar da aikin da kiɗa ya fara.

Wannan rabin magana ita ce kuma ta ba kalangu damar habaici da babu bakin da zai iya. Marowaci ya shigo dandali, makaɗi ya sako wani ɗan kari, 'yan mata su cika kalmomin a zuci su fashe da dariya. In mutumin ya harzuƙa ya kai ƙara wurin mai gari, me zai ce an ce masa? Ba a ce komai ba, fata aka buga. Al'ummar da ke ƙin a ci fuskar mutum a bainar jama'a, amma kuma ba ta son a bar rowa da girman kai su wuce ba a tanka ba, ta samo wa kanta hanyar faɗa ba tare da furtawa ba. Manazarci M. G. Smith ya yi rubutu a 1957 a kan roƙo da matsayinsa a zaman Hausawa, ya nuna yadda yabo da zambo ke tsare mutane a kan abin da jama'a ke so. Abin da zan ƙara shi ne kaso mai yawa na wannan aiki ba da harshe ake yin sa ba.

Nanatawar da masu suka ke kuka da ita fa? Tana nan, ban musa ba. Sai dai sun saurari ƙasan kiɗan ne suka bar samansa. A ƙungiyar kalangu akwai masu riƙe da kiɗa, irin su kuntuku da ɗan karɓi, waɗanda aikinsu ke nan su tsaya wuri ɗaya kada su gusa. A kan wannan shimfiɗa ne babban kalangu ke yawo, ya shiga ya fita, ya amsa wa mawaƙi, ya riga shi, wani lokaci ya yi shiru da gangan don a ji daɗin dawowarsa. Ka sake sauraron Bakandamiyar Shata, ka bar bin baitukan, ka kasa kunne ga wuraren da ya numfasa tsakanin ɗa da amshi. Ba a bar wuraren nan fayau ba. Shata da kansa yakan juya ya yi wa makaɗansa magana a tsakiyar waƙa, kuma mutum ba ya magana da abin da ba ya amsawa. Ƙaramar lasifikar rediyo da kaset ɗin da aka kwafa aka sake kwafa sukan fito da kaifin kuntuku su danne zamiyar babban kalangu. Mafi yawan masu cewa kiɗanmu ba ya motsi daga irin wannan sauraro suka yanke hukunci.

Masu sitidiyo za su ce ai sun ɗauki sautin kalangu sun zuba a kwamfuta, ga shi nan ana ji a waƙoƙin zamani. Abin da suka ɗauka bugu ne guda biyu ko uku, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ana jera su. Ko da na'ura ta iya kwaikwayon zamiyar, kuma na san za ta iya, akwai abin da ba ta da shi: ba ta ganin wanda ya shigo. Makaɗi idonsa na kan ƙofa. Ya ga gwaggon amarya ta taso daga Lajawa, ya san taken gidansu, ya sako shi, tsohuwar da ta rantse ba za ta taka ba ta ajiye mayafi. Ya ga rawa ta yi sanyi ya ƙara wuta, ya ga mai rawa ta gaji ya sassauta mata ba tare da kowa ya lura ba. DJ zai iya kiran suna a makirufo, amma waƙar da ya sa an gama ta ne a Kano ko Kaduna don kowa da kowa, ita ce za a sa gobe a wani gari ba a canja ko gaɓa ɗaya ba. Ba ina cewa waƙoƙin nan ba su da daɗi ba; wasunsu na da shi, kuma masu yin su na da basira. Amma nishaɗin da ake yi da kai daban, wanda ake kunna maka daban.

Ga masu ƙin kalangu don addini kuwa, batun halacci da haramci na malamai ne, kuma ina girmama shi. Abin da na gani da idona dai shi ne inda aka kori mai kalangu aka bar lasifika tana kwana tana ruri, kiɗa bai ragu ba, makaɗi ne kawai aka raba da abincinsa.

Manazarta ma suna da nasu kason a wannan sakaci. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, bisa aikin da suka yi a ƙasashen Zazzau da Katsina, suka tattara sunayen kayan kiɗa da sassansu da lokutan da ake yin su. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993 da littattafansa a kan makaɗa da mawaƙa, ya ba kiɗa da rauji gurbi a cikin nazari, bai mai da waƙar baka rubutacciya ba. Ƙofa ce aka buɗe, amma kaɗan ne suka shiga. Abin da aka saba gani a kundayen ɗalibai shi ne shafi ɗaya na jerin kayan kiɗa, sannan shafi ɗari na turke da salo da adon harshe, duk a kan kalmomin da aka juye a takarda. Takarda kuwa ba ta ɗaukar abin da damtse ya faɗa. Sakamakon haka, ka tambayi masoyin Shata waƙoƙi ashirin zai jero maka su ba tare da ya numfasa ba. Ka tambaye shi sunan wanda ya riƙe babban kalangu a ɗaya daga cikinsu, da wuya ya amsa. Ra'ayina, kuma na daɗe a kansa, shi ne mai babban kalangu abokin ƙirƙira ne, waƙar tasu ce su biyu, kuma nazarin da ya ambaci ɗaya ya bar ɗaya rabin waƙa ya nazarta.

Akwai ma mutum na uku da aka fi mantawa da shi, wato masassaƙi. Muryar kalangu tun a hannunsa ake yanke ta. Icen alilliba aka fi so, don ba shi da nauyi a kafaɗa, yana karɓar sassaƙa, kuma yana da amo. Daga gungume ɗaya ake fitar da kango, ba haɗi ba ɗori. A fara da gizago a fitar da siffar waje, sannan a rarake ciki ta baki biyu har ramukan su haɗu a ƙugu. In bangon ya yi kauri, kalangu ya dushe. In ya yi siriri ƙwarai, ya tsage da zafin bazara. In maƙogwaron da ke ƙugu ya yi faɗi ko ya ƙuntata fiye da kima, fatar baya ba za ta amsa wa ta gaba yadda ake so ba. In bakin bai daidaita ba, fata za ta ɗaure a gefe ɗaya ta saki a ɗaya, kuma duk gwanintar makaɗi ba za ta gyara wannan ba. Masassaƙin nan ba shi da ma'auni sai ido da tafin hannu, yana ƙwanƙwasa icen yana saurare. Shi ne dai mai yi mana turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya. Roba da ƙarfe sun riga sun cinye masa akushi, injin niƙa ya rage masa cinikin turmi, manyan itatuwa kuma suna ƙarewa a hannun masu itacen girki da gawayi. Ranar da ya ajiye gizago, ko an sami yaron da ke son koyon kiɗa ba za a sami abin da zai rataya ba.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne maƙwabtanmu ba su yi haka da nasu ba. Yarbawa na da gangan da dundun, Dagomba na Ghana na da lunga, mutanen Senegal na da tama, duk dangin kalangu ne masu ƙugu da tsirkiya. King Sunny Ade ya sa gangar Yarbawa a tsakiyar jita da kayan lantarki, faifansa Juju Music na 1982 ya zaga Turai da Amurka. Youssou N'Dour bai hau dandamali ya bar tama a gida ba, kuma duniya ta san sunan mai buga masa, Assane Thiam. Ba wanda ya ce musu ƙauyawa. Su sun ɗauki zamani suka ajiye shi a gefen gangarsu, mu muka ɗauki zamani muka ajiye shi a gurbin tamu. Ban ga dalilin da zai hana mawaƙin Kano na yau ya shigo da mai kalangu na gaske sitidiyo ba, ya bar shi ya yi magana, ya kuma rubuta sunansa a jikin waƙar.

A ƙauyukanmu har yanzu akwai dattawan da ke riƙe da taken gidaje da na sana'o'i a ka, waɗanda ba a rubuta ko ɗaya ba, kuma ba za su rubutu da biro ba. Kusan kowane saurayi a Ɗankaza da Indabo da Achika yana da waya mai ɗaukar hoto. Ga ɗaliban Hausa da masu sha'awa, roƙona shi ne in za ku ɗauka, ku ɗauki damtse da hannun hagu, ba fuskar mawaƙi kaɗai ba. Ku sa makaɗi ya buga take, ya faɗe shi da baki, ya faɗi mai shi, ku rubuta sunan makaɗin da na wanda ya koya masa da na wanda ya sassaƙa masa kango. Kai kuma mai shirin aurar da 'ya bayan kaka, in ka ware kuɗin DJ da na man janareta, ka ware na mai kalangu, ka ba shi filinsa tun da sauran rana kafin a tayar da inji, kuma ka biya shi kamar yadda ake biyan gwani.